Kofin Bayan Ƙofa

Dilip Pariyar yana ɗaure fatar babbar ganga yana zagin kusoshinta, sai ga tsoho Poudel, mai zauren taron, ya shigo da tiren shayi da kansa. Wannan karramawa ce. Bara ko gaisuwarsu ba ya amsawa.

Su uku ne a ƙungiyar kiɗa mai suna Tsatsa: Sujata mai waƙa, Nabin mai jita, sai Dilip a kan ganguna. A garejin gyaran babura suka fara kiɗan rok na Turawa, maƙwabta na watsa musu ruwan wanke-wanke. Kamfanonin waƙa na birnin Kathmandu sun ce hayaniya ce. Su ukun da kansu suka naɗi waƙoƙinsu, su suka lilliƙa takardun talla a bangwayen garin Pokhara. Yau da la'asar za su hau dandamalin zaure mafi girma a garin, kuma tun azahar layi ya kai bakin titi.

Tsohon ya miƙa wa Sujata kofin tangaran, ya miƙa wa Nabin. Na Dilip na ƙarfe ne, lanƙwasasshe, daga bayan ƙofa aka ɗauko shi. A ƙasa ya dire masa, ya ja da baya.

"In ka gama, ga famfo can. Ka wanke ka kife a waje."

Dilip ya san kofin nan. Shi ɗan Damai ne, zuriyar makaɗan biki da teloli, waɗanda manya ke ƙyamar taɓa abin da suka ci ko suka sha a ciki. Ubansa ya yi rayuwarsa yana kiɗa a auren manya, yana cin abinci a bakin ƙofa, yana wanke kwanonsa don kada hannun masu gida ya taɓa.

Sujata ta ajiye nata. "Baba, mu ma namu mu wanke?"

"Ke ba ruwanki, 'yata. Ya san dalili."

Nabin ya matso, ya rage murya. "Yaya, don Allah ɗauraye kawai. Minti nawa ne? Da ƙyar muka samu wurin nan."

"Kai da ko wandonka ba ka wankewa, kai ne malamin wanki?" in ji Dilip.

Ya ɗauki kofin, ya shanye shayin tas. Da daɗi kuwa, an sa citta. Ya ƙwanƙwasa gindin kofin da sandar kiɗa. Ƙarar ta fita siririya, mai kaifi. Ya sake bugawa, ya karkata kai yana saurare.

"Ba zan wanke ba."

"To babu wasa a zaurena," in ji Poudel.

"Shi ke nan. Fita ka gaya wa masu layi."

Daga waje an fara dukan ƙofar ƙarfe ana kiran sunan Tsatsa. Yaran makaranta ne, da 'yan tasi, da jikokin irin su Poudel ɗin. Tsohon ya kalli ƙofar, ya kalli Sujata. Ita kuwa ta harɗe hannu ta zauna kan lasifika. Nabin ya yi tsaki, ya zare wayar jitarsa, ya zauna kusa da ita.

"Ba ni kofina," tsohon ya ce a ƙarshe.

Dilip ya tashi, ya miƙa masa, ganyen shayi na manne a ciki, shatin leɓensa a baki.

"Ga shi, Baba. Karɓi."

Poudel ya dubi kofin. Hannunsa ya ɗago kaɗan, sannan ya koma bayansa ya haɗu da ɗayan. Ya juya ya tafi buɗe ƙofa.

Dilip ya samo waya, ya ɗaure kofin a jikin ƙarfen da ke gefen ƙaramar ganga, daidai inda hannun damansa zai kai.

Da zauren ya cika, aka yi tsit ana jiran gangar farko. Sujata ta waiwayo ta ɗaga masa gira. Ya ɗaga sanda, ya bar gangunan duka, ya fara da kofin.