Tsallaken Tafki

Ermanno ya iso mashigar jirgin ruwa da gudu, garin fulawa bai ma gama kakkaɓewa daga hannunsa ba, ya tarar an ja sarƙa an tare hanya. Iskar arewa ce ta sauko daga duwatsu tun da sassafe, tana ɗaga ruwan tafkin tana makawa da gaɓa.

"Tarcisio, buɗe min! An matso da tiyatar 'yata Ilaria. Yau za a shiga da ita, ba gobe ba."

Tarcisio mai sayar da tikiti, wanda suka yi firamare tare, ya leƙo ta taga. "Ko Fafaroma ne ya zo, ba mai tayar da jirgi a cikin wannan. Zauna ka sha kofi, mai burodi. Iskar nan ba ta kai tsakar rana, kai ma ka sani, nan aka yanke maka cibiya."

"In kuma yau ta kai fa?"

"Kai dai tun muna yara haka kake. Ruwan sama bai zo ba ka jiƙe."

Ga asibitin can a tsallake, fari fat, har tagoginsa yana hangowa. Idan cocin garin can ya kaɗa ƙararrawa, a nan ma ana ji. Amma tafkin dogo ne siriri, ƙanƙarar zamanin da ce ta tsaga shi tsakanin duwatsu, ga zurfin da ya hana a kafa gada. A mota sai an gangara har ƙarshensa a zagayo.

Wayarsa ta yi ƙara. Graziella ce, matarsa, wadda ta kwana a wajen yarinyar.

"Ta ce ba mai taɓa mata zuciya sai ta ga babanta. Likita ya ce jiran ba zai yi tsawo ba. Kana ina?"

"Ga ni nan tafe," in ji shi.

Ya zauna a benci, ya miƙe, ya sake zama. Sai ga bas ɗin zagaye ta tsaya a bakin titi. Zaman ne ya gagare shi. Ya ji in dai ƙafa tana motsi, to yana matsawa kusa da 'yarsa. Ya haye bas ɗin, Tarcisio yana ƙwala masa kira, bai ko waiwaya ba.

Hanyar ƙunci gare ta, dutse a dama, ruwa a hagu. Kowane ƙauye sai an tsaya. Wata tsohuwa ta shigo da kwandon busasshen kifi, ta tsaya gaishe-gaishe da direba. A bakin wani rami da hanya ta ratsa ta cikin dutse suka cim ma babbar mota ta kasa shan kwana, aka yi cirko-cirko.

A nan ya lura ganyen itatuwa ya daina motsi. Ya juya. Tafkin ya kwanta lumui, kuma can baya, ƙarami kamar kwandon tsohuwar, jirgi ya baro garinsu ya miƙe tsallake.

"Bawan Allah, lafiya?" tsohuwar ta tambaya.

Ya bi jirgin da kallo.

Rana ta karkata lokacin da ya hau matakalar asibitin. Graziella tana zaune ita kaɗai a gaban wata rufaffiyar ƙofa, ta ɗora rigar sanyin Ilaria a cinya.

"Sun daɗe da shiga," ta ce. "Har yanzu ba wanda ya fito."

"Ta yi kuka?"

Graziella ta girgiza kai. "Tana bakin taga ta ga jirgi ya taso. Ta ce, 'Mama, ga Baba can, na san shi ne na farko a layi.' Ita da kanta ta ce wa nas su tafi, kafin ka hawo ka cika su da tambaya."

Ermanno ya zauna kusa da ita, ya zuba wa ƙofar ido. Wannan karon bai tashi ba.