Sunan da Ke Hannun Habila

Habila direba ne, albasa yake ɗauka daga Sakkwato ya kai kudu. Shi da mahaifiyarsa Lami suke zaune a wani gidan haya a Mabera. Asalinsu mutanen Zuru ne, Kiristoci, amma a nan garin aka yanke masa cibiya. Yaro ne marar hayaniya, irin wanda ko akuya ta ci masa abinci sai dai ya matsa mata.

A cikin hannunsa na dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, akwai jarfa. Ba ta ado ba ce. Sunansa ne da sunan unguwarsu, baƙaƙen a karkace, sai ɗan ƙaramin gicciye a ƙarshe. Kuma ba shi ya nemi a yi masa ba.

Shekara biyu da suka wuce yayansa Ishaku, shi ma direba, ya faɗa hannun 'yan bindiga a hanya. Mutum tara suka harbe, har da shi, suka kwashe wayoyi da duk abin da ke aljihu. Mutanen ƙauyen da ke kusa, bayin Allah, ba su yarda gawa ta wuni a rana ba. Suka wanke su, suka sallace su, suka binne kafin la'asar. Sai bayan kwana uku labari ya iso Mabera. Da Lami ta je, kabari tara ta tarar a jere, ƙasa iri ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Ta tambayi mai unguwar wanne ne nata. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce wallahi bai sani ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana addu'a, don kada ta tsallake ɗanta.

Sati biyu da dawowarta ta kama hannun Habila, gardi mai gemu, ta ja shi har rumfar Gidaɗo wanzami a Gidan Igwai. Gidaɗon ne ya yi wa yaran nata biyu askin jarirai, shi ya yi musu kaciya.

"Maman Ishaku, mi ya hwaru?" in ji Gidaɗo.

Ta miƙa masa takardar da ta sa aka rubuta mata. "Wannan za ka sa masa a hannu. Yadda ruwa ba zai wanke ba, ɓarawo ba zai cire ba."

Gidaɗo ya juya takardar sama da ƙasa. "Ni da ban yi boko ba? Kuma wanga na ƙarshe, ai alamar addininku ce. So kike malamanmu su kore ni daga sahu?"

"Ka ɗauka alamar tarawa ce ta 'yan makaranta."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, sai ya ɗauko aska da baƙin tukunya. Ya kwaikwayi baƙaƙen kamar mai zana taswira. Tun daga ranar, duk tafiyar da Habila zai yi, Lami takan kama hannun nan ta shafa, sannan ta ce ya sauka lafiya.

Abu na biyu da ke cin ranta shi ne baftisma. Ishaku ya yi ta cewa baɗi, baɗi, har hanya ta cinye shi ba a tsoma shi a ruwa ba. Don haka Habila ya shiga ajin baftisma, wata shida yana zuwa duk Lahadin da yake gari. Sau ɗaya ake yi a shekara a majami'arsu, ranar Ista, a wani kwamin siminti da ke bayan ginin.

Saura sati biyu, aka ce masu shiga ruwa su zo su wanke kwamin. Zafin bazara ne, irin na Sakkwato wanda ko ƙadangare ba ya fitowa. Habila ya tuɓe rigarsa mai dogon hannu ya rataye, ya shiga dirzar gansakuka. Can sai ya ji an ce, "Ɗana, zo nan."

Baba Bawa ne, babban dattijon ikilisiya, tsohon malamin firamare. Tun majami'ar tana rumfar kara yake cikinta, kuma ko kujera ba a matsarwa sai ya sani. Ya kama hannun Habila, ya gyara tabarau.

"Mene ne wannan?"

"Sunana ne, Baba."

"Na iya karatu. Ka manta sunanka ne da sai an rubuta maka a fata kamar buhun albasa?"

Sauran suka yi dariya. Habila ya yi bayani a hankali, ya faɗi zancen Ishaku da kabari tara. Maimakon abin ya sassauta, sai Baba Bawa ya ƙara tsuke fuska. Ya ce ai wannan ya fi muni, domin a cikin dokokin Musa an hana tsaga jiki saboda matattu, an hana jarfa, duka a wuri ɗaya. Ya ce jikin mai bi haikali ne, ba bangon tasha ba. Ya ce yau in an bar wannan, gobe yaran nan masu zanen kunama da maciji za su cika layi, kowa da labarin yayansa.

Aka kira Fasto Ayuba. Matashi ne, bai cika shekara da zuwa ba. Ya dubi hannun, ya dubi Baba Bawa, ya shafa ƙeya.

"To, Baba, za mu sa abin a addu'a."

"Mu sa. Kafin nan na cire sunansa daga jerin masu shiga ruwa," in ji dattijon.

Da Lami ta ji, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta tafi gidan dattijon, Habila na bin ta a baya. Ta durƙusa a ƙofar zaure, mace mai furfura.

"Baba, ni na kai shi. Ni na riƙe hannun aka yanka. In zunubi ne a ɗora mini, a dakatar da ni daga Zumuntar Mata, a hana ni cin jibin Ubangiji. Yaron nan bai san komai ba."

"Lami, ba ke za a tsoma ba. Da kin dogara ga Ubangiji, da kin san Ya san nasa ko babu rubutu."

"Shi Ya sani, Baba. Ni ce ban sani ba."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, har Habila ya sa rai. Sai ya ce, "A goge, a shiga ruwa. In ba a goge ba, sai wata shekara, mu ga ko an tuba."

Suka koma gida. Kwana uku Lami tana dafa abinci ba ta ci. Habila yana kallonta, ya rasa wanne zai ba ta. In ya bar jarfar, shekara guda ce cur a kan hanyar nan ba baftisma, kamar Ishaku. In ya goge, to shi ma ya zama kamar Ishaku ta ɗaya gefen. Ya je wurin fasto sau biyu, aka ce ya fita ziyara.

Ranar Litinin, saura kwana shida Ista, da hantsi, ya tafi Gidan Igwai shi kaɗai, ya ce a goge masa jarfar.

Gidaɗo ya ajiye askarsa. "Kai yaro, ka san abin da kaka hwaɗi? Jarfa ba alli ba ce. Sai an ɗebe hwata. Tsohuwa ta sani?"

"Ba ta sani ba, Baba Gidaɗo."

"To ni ba ni yi. Ranar da munka yi shi, hawayenta har bisa tabarmata."

"In ba ka yi ba, zan ɗora hannun a kan salansar mota."

Gidaɗo ya daɗe yana kallonsa. Ya san yaron ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Ya ja tsaki, ya wasa aska, ya ba shi tsumma ya ciza. Yana kankara yana mita, wai su masu addini, nasu da na Habila duka, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi yadda fatar mutum take kafin ya yanke hukunci a kanta. Habila bai yi kuka ba, gumi kawai yake yi. Da aka gama, wurin ya zama jan nama, faɗin tafin hannu. A gida ya ce wa Lami ruwan lagireton mota ne ya ƙona shi. Ta dubi ƙyallen da aka ɗaure hannun da shi, ta dube shi.

Ran Lahadi da safe majami'a ta cika, mata sun sha anko, ana kaɗa tulu ana waƙa. Masu shiga ruwa suka yi layi da fararen kaya. Habila ya je gaban Baba Bawa ya kwance ƙyallen. Ciwon ya kumbura, yana ruwa. Dattijon ya leƙa da kyau, ya ga ba sauran baƙi, ya gyaɗa kai.

"Madalla, ɗana. Ka ga yadda tuba take."

Ya mayar da sunan cikin jerin da biro.

Da layi ya zo kansa, Habila ya sauka cikin kwamin. Ruwan ya taɓa ciwon, ya ji har ƙwaƙwalwarsa. Fasto Ayuba ya riƙe shi, idonsa ya faɗa kan hannun, sai fuskarsa ta canza. Ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Habila, me ka yi haka? Wannan dokar ta mutanen da ce, saboda masu bautar gumaka aka yi ta. Ni ban ga zunubi a sunanka ba. Jira nake Baba ya huce in lallaɓa shi."

Habila ya dube shi. Yana so ya ce sau biyu na zo gidanka. Amma jama'a na jira, mata sun ɗaga murya, fasto ya riga ya ɗora masa hannu a ka. Aka tsoma shi, aka ɗago shi. Ya ji guɗa ta ko'ina. Ya san muryar mahaifiyarsa a cikin mata ɗari, ya kasa kunne, bai ji ta ba.

Da suka koma gida ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta zaunar da shi a kan turmi, ta shiga gasa masa ciwon. Ba ta yi masa faɗa ba.

"An yi baftisma, Mama," ya ce. "Abin da kike so."

"An yi. Na gode wa Allah."

Ta matse tsumman, ta sake tsomawa.

"Yaushe za ku yi lodi?"

"Jibi."

"To in an kira ni, me zan ce su duba?"

Ya dubi ciwon. Can ya ce, "Ai zai bar tabo, Mama. Babba ma."

Lami ta ɗago ta dube shi.

"Wane direba ne ba shi da tabo, Habila?"

Ta ɗaure masa hannun da sabon ƙyalle, ta ɗauki ruwan ta kai bakin rariya ta zubar.