Inda Ruwa Ya Bi

Taku kaɗan ya rage tsakanin kabarin Saratu da bakin kwazazzabo. Baba Istifanus ya durƙusa yana cusa duwatsu inda ruwan jiya ya ci, gwiwoyinsa sun nutse a laka. Kowace damina ramin sai ya ƙara shigowa 'yar maƙabartar cocinsu da ke bayan gari, kamar akuya ta samu danga. Kafin Saratu ta cika, abu ɗaya ta roƙi mijinta: kada a kai ta garinsu, a bar ta a Sakkwato inda zai riƙa zuwa ganinta.

'Yarsu Tabita tana miƙo masa duwatsun. Ta san ba za su kai wata daminar ba.

* * *

Da suka koma unguwarsu ta Gidan Dare, suka tarar da maƙwabcinsu Mode, mai sayar da hatsi, yana jiran su a ƙofar gida.

"Malam Istifanus, ran Assabar ɗan takarar kansila na tahowa," in ji Mode. "Kowace ƙungiya za ta hwaɗi buƙata guda. Mahauta rijiya suka so, mu 'yan hatsi hanya. Na sa an aje muku kujera. Ku taho ku yi maganar ramin ga."

"Na gode, Mode. Amma mu baƙi muke ga duniyar ga. Siyasa ƙazanta ta. Allah da ya ba mu wurin, shi ka tsaron shi."

"Ni ma ga Allah nika dogara, amma ina da katin zaɓe. Mutanen ga kati suka dubi."

Tsoho ya yi murmushin nan na wanda ya riga ya rufe magana. Dattijon coci ne, kafinta, shi ya sassaƙa bencin da kowa ke zama a kai, saboda haka maganarsa ta fi ta matashin fastonsu nauyi. Faston ya sha cewa a yi addu'a, a kuma yanki katin zaɓe. Baba kuwa sai ya yi gyaran murya kawai, jama'a su fasa.

Tabita ta bi shi har cikin ɗaki.

"Baba, kowace Lahadi muna yi ma shugabanni addu'a. Mi ka hana mu zaɓe su? Wanda ya ba mu gwiwar durƙusawa ai shi ya ba mu ɗan yatsa."

"Ke za ki koya min bangaskiya?"

"A'a, Baba. Mama nika ji ma tsoro."

Wannan ta soke shi, amma taurin kai ya fi ƙarfinsa. Ranar Asabar ɗin ya kira azumi da addu'a. Kuma tsakani da Allah ya yi, har da hawaye, yana roƙon a tsare masa kabarin matarsa. A can wurin taro kujerarsu ta zauna babu kowa, daga baya aka ɗora mata kwalin lemo.

* * *

Ɗan takarar ya ci zaɓe, kuma bai fi sauran 'yan'uwansa mugunta ba. Mahauta suka samu rijiya. 'Yan hatsi suka samu hanya, har da magudanar ruwa ta siminti. Da masu aikin suka tambayi inda za a juya bakinta, aka duba gabas gidajen masu ƙuri'a ne, yamma shagunansu. Sai aka juya ta wajen da babu wanda ya taɓa magana a kansa.

Da damina ta zagayo, ruwan Agusta ya sauko da rana tsaka, ya daɗe bai ɗauke ba. Yana tsagaitawa Baba ya fita ko takalmi babu, Tabita da Mode na biye da shi.

Babu kabarin. Har da na wasu mutum biyu a gefensa. Inda Saratu take ya koma rami mai zurfi, jan ruwa na malala a ƙasansa.

Mode ya naɗe wando ya gangara, ya bi ramin har nesa yana dubawa. Ya dawo yana girgiza kai, idonsa jawur.

Baba bai yi kuka ba, abin ya wuce nan. Baƙin cikinsa shi ne babu wanda zai kama da laifi. Allah bai hana shi baki ba, Mode bai hana shi kujera ba. Ya juya wajen 'yarsa.

"Tabita, ina aka yankan katin ga?"

"Ba a yanka yanzu, Baba. Sai wani zaɓe ya matso."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya sauka cikin ramin a hankali, ya cire hularsa, ya cika ta da jiƙaƙƙen yashi. Bai san ko daga wurin Saratu yake ba. Haka ya rungumo hular a ƙirji suka kama hanyar gida, ruwa na ɗiga a gaban rigarsa.