Taron sandika a gidan Inna Indo

Wallahi ranar da na fito daga biron Dokta Mala, wato ofishinsa, da za a ba ni wuyansa da na shaƙe. Shi ne shugaban sandikarmu, wato ƙungiyar masu haɗa magani a asibitocin Damagaram, dattijo mai taurin kai kamar ƙashin raƙumi. Ni kuwa Ladi, kowa ya san ba na iya haɗiye magana.

Abin da ya haɗa mu shi ne Fati. Ɗaki ɗaya muke aiki da ita a farmasi, ita ke haɗa magungunan masu ciwon daji. Shekara da shekaru tana kan matakin albashi ɗaya, yaran da ta koya wa aiki sun tafi karatun ƙwarewa sun dawo sun haye kanta. Bana sai uwar ƙungiya a Yamai ta ba reshenmu gurbi guda na karatu a Dakar, wanda duk ya gama a ɗaga masa mataki. Kuma bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce iyakar da aka sa.

Dokar sandika ta ce mai neman gurbin ya tsaya gaban mambobi da kansa, a yi masa tambayoyi, a ɗaga hannu. Ana cikin shirin taron Fati ta haihu. Haihuwar fari, bayan jiran da har an fara yi mata gori. Uwarta, Inna Indo, ta zo ta kwashe ta zuwa Gidimuni wankan jego.

Na kira tsohuwar ta waya, na roƙa, na ce wuni ɗaya kawai.

"'Yar nan," in ji ta, "ko gwamna ke kira, mai jego ba ta ƙetare zauren nan sai ta yi arba'in. Sanyi ya shige ta, ke za ki jinyace ta?"

Ga shi Yamai na jiran suna kafin ƙarshen wata. Shi ne na je wurin Dokta Mala na ce a ji ta bakin Fati ta waya.

"Ba za a yi ba," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Yamai za ta soke zaɓen, gurbin ya tafi wata jiha."

"To a ɗage taron mana!"

"Babu lokaci. Ke dai gaya wa kowa ranar Asabar za mu je barka. Kowa da kowa, har Abdulmumin."

Abdulmumin shi ne ɗayan mai neman gurbin. Barka! An yanka ka, ana tambayar ya jiki. Na banko masa ƙofa na fita ina huci.

Ranar Asabar muka cika mota. Duk hanya na kafa ido a taga har muka hango tafki da dabinon Gidimuni. Aka shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida, aka kawo kunun kanwa mai zafi da rake. Muka ga jariri, aka yi addu'a, aka shafa. Ina neman takalmina sai na ji Dokta Mala ya gyara murya.

"Inna, alfarma muke nema. Ki ara mana tsakar gidanki mu yi taro."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. "Za ta fita waje?"

"Ko bakin zaure ba za ta kai ba."

"To ku yi abinku."

Sai a lokacin na duba na ga babu mamba ko ɗaya da ya rage a gari. Ashe dabararsa ke nan! Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Fati ta fito da ɗaurin ƙirji da mayafi, gumin ruwan zafi bai bushe mata ba. Kada ku ɗauka Dokta Mala ya raga mata. Ya tsare ta da tambaya kan maganin da zafi ke lalatawa in wuta ta ɗauke, da yadda ake rage wa mai ciwon ƙoda yawan magani. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Abdulmumin ma ya tashi ya yi nasa, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari. Da aka ce a ɗaga hannu na runtse ido, sai da na ji guɗar maƙwabta ta kan danga na buɗe. Fati ce ta ci.

Ban gama sauke numfashi ba Inna Indo ta ajiye ludayi.

"Dakar ɗin nan, shekara nawa?"

"Biyu, Inna," in ji Dokta Mala.

"In tana aji wa zai riƙe mata yaron?"

Babu wanda ya yi wannan tunanin, har ni mai baki. Fati ta sunkuyar da kai, na ga ta riga ta saduda. Tsohuwar ba ta dubi 'yarta ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. Dokta Mala ta duba.

"Wannan tun tana ƙarama ba ta san komai ba sai boko. In an tashi tafiya a gaya mini da wuri, in bar wa ƙanwata awakina, in bi ta in riƙe yaron."

Fati ta fashe da kuka. Ni kuwa na zube kan tabarma ina ta alhamdu lillahi kamar ni aka zaɓa.