Farar Habi Mai Tabo

Tabon bai kai ƙwayar riɗi ba, baƙi wuluk, a gindin fiffiken farar. Sauda ta gani tana wucewa ta layin masu fara a kasuwar Barmou, har ta tsuguna ta ɗauki guda tana juyawa. Daga Tawa aka turo ta da sassafe, ita da ta karanci ilimin ƙwari a iniversite, wai ta raka Ajidan Isufu, sojan da aka ɗora wa aikin hana sayar da farar da ta ci guba. Jirgi ya yi feshi a gonakin tudu cikin makon, yara sun fara amai a ƙauyuka.

"Ɗanɗana, ɗiyata," in ji mai farar, wata tsohuwa Habi. "Hwarar fadama ce, da ranta na kamo ta cikin raɓa. Buhu guda na kasuwa ne, sauran da kike gani nan na jikokina. Hatsi dai ko zangarniya ba mu gani ba bana."

Sai ga ajidan da sojojinsa. Ya zura sanda cikin buhun, ya tono, ya yamutsa fuska.

"Ga gubar nan ta fito baro-baro. A kwashe."

Ya matsa wurin maƙwabciyarta Safi, wadda fararta ke sumul ba ɗigo ko ɗaya. "Wagga lafiya lau. Ci gaba da cinikinki."

Sauda ba mai magana cikin taro ba ce. Ko a aji sai an kira sunanta take ɗaga kai. Amma wannan karon ta matso gaba.

"Ranka ya daɗe, wannan tabon ba guba ba ne."

"To, mi ne ne, madmazel? Kwalli ta sa?"

Sojoji suka bushe da dariya.

"Tabon warkewa ne. In ƙwayar cuta, irin fumfuna, ta huda fatar fara, ruwan jikinta yakan taru a wurin ya yi baƙi ya daskare, ya kulle cutar a ciki, kamar an liƙe bakin rumbu. Abin yana ɗaukar kwanaki. Wadda maganin jirgi ya kashe kuwa nan take take faɗuwa, ba ta samun lokacin yin tabo. Tabo bai nuna guba ba, rashinsa kuma bai wanke fara ba. A tambayi kowa inda ta samo tata."

Ajidan ya juya wajen Safi. "Ke, ina kika samo taki?"

Safi ta sunkuyar da kai. "A tudu. A ƙasa na tsince ta."

Ko ba a tambaya ba, hanci ya isa shaida: warin maganin na tashi daga buhun Safi. Sauda ta ce a ranta magana ta ƙare. Yanzu dai zai mayar wa tsohuwa kayanta.

Ajidan ya dubi taron da ya kewaye su. 'Yan tireda sun baro rumfunansu, wani Buzu mai raƙumi yana murmushi a bayan rawani.

"Madalla," ya ce. "Mun gode da darasi. Tunda mai tabo da marar tabo sun rikita mu, a ƙone duka."

"Ta Inna ba ta da komai! Yanzu na gaya maka!"

"Ke za ki tsaya gaban kwamanda in yaro ya mutu? Ni aka ba oda, ba iniversite ba."

"To a ba ni in kai Tawa a auna. Kwana..."

"Madmazel, shiga mota."

Ba ta shiga ba. Tana tsaye aka juye buhunan layin gaba ɗaya a tsakar fili, mai kyau da mai guba wuri guda, aka kwarara mai, aka ƙyasta ashana. Ƙanshin suya ya cika kasuwar da rabin mutanenta ba su karya ba. Duk don kada a ce mace ta gyara masa magana gaban jama'a.

Safi na kururuwa tana tsine wa jirgi da mai jirgi. Wasu matan suna harar Sauda, ita da ta buɗe baki.

Ta nufi tsohuwar. "Inna, wallahi ni so na yi..."

Habi ta karkaɗe buhunanta, ta ninke su ɗaya bisa ɗaya, ta aza a ka. Ta ratsa ta bayan rumfar mahauta, ta kama hanyar fadama.