Hayaƙi a Motar Ɗanasabe

Wata takwas Shamsiyya Ƙofa ta yi tana jiran wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Furotin ne a ciki, irin wanda ke saman fatar mutum yana hana ta bushewa da tsagewa, sai dai wannan ba daga jikin kowa aka ɗebo shi ba, a ɗakin gwaje-gwaje aka sa ƙwayoyin halitta suka haɗa shi. Da shi za ta auna abin da ta gogo daga hannun mata masu dashen shinkafa, a ɗan ɗakin binciken da aka ara mata a Tudun Wada. Sharaɗinsa ɗaya: a daskare ake kawo shi, in ya narke kafin ya shiga firjinta ya tashi aiki, digirinta kuma sai baɗi.

Ran da ya iso Kano, abokin karatunta Abdulmalik ya yi masa abin da kowa ke yi wa saƙo. Ya kai tasha, ya rubuta lambarta a jikin akwatin da aka sako kwalbar, ya damƙa wa wani direba Ɗanasabe. Shamsiyya kuwa baki har kunne. Sau biyu ta share ɗakin, sau uku ta gaida maigadi, har bawan Allah ya tambaya ko ranar aure aka sa mata.

Dab da azahar wayarta ta yi ƙara. Ɗanasabe ne, yana haki. Ya ce ta same shi a Kwanar Ɗangora maza, kayanta sun kama da wuta, kuma in aljanu take safara ai da sai a gaya wa mutum tun a tasha.

Ashe but ɗin motar ne ya cika da kaya, aka tura akwatin ƙarƙashin ƙafar wani ɗan kasuwar hatsi. Tafiya ta yi tafiya, ƙafa ta sandare, mutumin ya ɗaga murfi don ya ga mene ne. Busasshiyar ƙanƙara ce cike, wadda ba ta zama ruwa, hayaƙi take yi. Nan aka taka burki, fasinja suka watse, har da mai fita ta taga. Ɗanasabe ya yi ta maza, ya wurga akwatin gefen titi, ya juye masa jarkar ruwa guda. Ita kuwa irin wannan ƙanƙara, ruwa ne ke tunzura ta. Farin hayaƙi ya malale titi, mai rake ya bar rakensa, mai tsire ya yi gaba da wuƙa a hannu.

Shamsiyya ta iso a bayan babur, mayafi a karkace, ta tarar da akwatin a kife, jiƙe sharkaf, wayam. Ta durƙusa tana laluben ciyawa, tsoro ya cika ta, ga jama'a sun kewaye ta kowa da nasa labarin. Wani ma cewa ya yi hayaƙin ya kira sunansa.

Daga gindin wata ɗorawa aka yafito ta. Wata tsohuwa ce mai nono, Inna Baturiya, ita ma fasinjar motar. Ƙwarya ce a gabanta rufe da faifai, an naɗe ta da zane, siririn hayaƙi na fita ta gefe. Ta ce ita shekara arba'in tana kai man shanu kasuwa, ta san abin da aka ɗauko cikin sanyi sanyin yake so. Da kowa ya gudu, sai ta tsince kwalbar da ragowar ƙanƙarar kafin ruwa ya cinye su.

Shamsiyya ta ɗaga faifan. Ga kwalbar nan daskare, fara fat. Dariya ta ƙwace mata, ta rungume tsohuwa, ta saki, ta sake rungumewa, ta ce wa Ɗanasabe ta yafe masa duniya da lahira, shi kuma ya ce ai shi ne da yafiya. Sai da ta riƙo hannun Inna Baturiya don godiya ta ga yatsun sun yi jawur, biyu har sun tashi. Da hannu tsohuwar ta kwashi ƙanƙarar, tsananin sanyinta ya ƙona ta kamar wuta.

"Maganin me ne, 'yar nan?" in ji Inna Baturiya.

Shamsiyya ta so ta ce na fata ne, ta ga ƙarya za ta yi.

"Ba magani ba ne tukuna, Inna. Na awo ne. Ko ɗigo ba zan iya shafa miki ba."

Tsohuwa ta dubi yatsunta, ta hura musu iska, sannan ta tura mata ƙwaryar da gwiwar hannu.

"To ɗauki ki yi sauri, kada in ƙone a banza."