Haruffan Baba

Ranar da Baba ya fita bai dawo ba, ɗansa Mai Zane ya zauna gaban kwamfuta ya haɗa takardar cigiya cikin minti goma. Hoto a sama, lambar waya a ƙasa. Saura zaɓen rubutu, kuma a nan ne ya yi abin da har yau yake cin ransa.

Baba tsohon mai tayil ne. Shekara talatin yana jera 'yan ƙananan tayil masu kusurwa huɗu a ƙofofin mutane, yana fitar da suna da lambar gida. Waɗannan haruffan ne ɗan nasa ya kwafa a kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, gefensu duk hawa-hawa kamar matakala. Masu shagunan kayan matasa suka yi ta rububinsu, shi kuwa kansa ya fasu.

Ƙanwarsa Auta ta leƙo ta kafaɗarsa. "Yaya, don Allah sa rubutun mutane. Wannan ai ba tallan riga ba ne."

"Baba ya manta sunana, ya manta naki," in ji shi. "Amma bai manta aikin hannunsa ba. In ya gani zai tsaya."

In Yaya ya kafe, an gama magana. Ta kai wa mai fotokofi ya buga ɗari biyu da injinsa mai zubar da tawada, suka manna a tasha, a kasuwa, a jikin falwaya. A cikinsu ba wanda ya tsaya ya karanta lambar, kowa ya san ta da ka.

Kwana huɗu wayar ba ta yi ko tari ba. Mai Zane ya zagi gari kaf, ya ce mutane ba su da imani.

A rana ta biyar wata mata ta kira, ta ce ita ce mai sharar tasha.

"Bawan Allah, kun wahalar da ni. Tun shekaranjiya nake kira, wani mutum yana ce min ba shi ba ne. Sai da na yi ta canza lambobin ɗaya-ɗaya."

Ya zaro takarda guda daga aljihu. A rubutun Baba, ɗigo biyu ne kacal tsakanin uku da takwas, kuma tawada ta cike su. Uku ta koma takwas a lambar wayar.

"Tsohon yana nan?"

"Kwana uku ya yi a kan benci, ƙarƙashin takardar. Yana bin rubutun da yatsa, yana cewa shi ya jera shi, yaronsa zai zo. Na ba shi ruwa, na ba shi abinci. Jiya zazzaɓi ya kayar da shi, motar asibiti ta ɗauke shi." Ta ja numfashi. "Ku je ku tambaya, amma a rufe har kai na ga sun sa shi a motar."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a gaba.